Bokiti Tara a Fadamar Saga

Daga Allah muke, kuma gare shi muke komawa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya kwanta ranar Talata, ya cika ranar Asabar da hantsi a gidansa da ke Saga. An yi masa sutura bayan azahar. Ina wannan rubutu ne bayan addu'ar arba'in, don na lura mutane sun fara taƙaita shi da cewa "tsohon nan mai bokitai". Ya fi haka, kuma akwai abin da ya wajaba in faɗa da bakina.

Zan fara da zaman makoki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har bakin hanya. Manoman koperatif, ƙungiyar masu noman shinkafa, sun zo da laka a ƙafafunsu, abokan sana'ata masu sayar da rake sun zo daga kasuwar Wadata cikin taksi biyu. Malamar gidan gona, wadda ta yi shekaru tana karɓar rahoto daga hannun Kawu, ta shiga wajen mata, ta fito idanunta jajir. Ta ce wa ƙanen Kawu, "Baba, ban taɓa gyara masa ko layi ɗaya ba. Shi ne ma yake gyara mini."

Can sai ga maƙwabcin gonarsa, wani tsohon Bazabarme. Kawu Bagobiri ne, don haka taubasai suke, sun fi shekara talatin suna zagin juna a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ya durƙusa ya ce, "Fonda tilas," yadda Zabarmawa ke gaisuwar mutuwa, aka amsa masa. Sai ya ɗago ya ce, "To, Bagobirin ya gudu ya bar ni da tsutsotsinsa. Ku dai ku duba likkafanin da kyau, na rantse ya tafi da bik ɗin rubutunsa a ciki." Aka yi dariya, har liman ya murmusa. Shi kuma ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Ni ina zaune a ƙarshen tabarma. A bayana na ji wani yana gaya wa na kusa da shi, ƙasa ƙasa, "Wancan ne mai raken." Ban juya ba. Na san abin da yake nufi. Shekara huɗu ke nan ana ce mini wanda ya kawo tsutsa Saga, kuma tsawon wannan lokaci na yi imani Kawu ne ya rubuta sunana a kayensa, wato littafin rahotonsa, ya karanta wa jama'a. Da wannan a zuciyata na ɗauki makararsa. Zan bi labarin daki-daki yadda ya faru.

Kawu ya zo Yamai yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya samu parsel, wato gonar shinkafa, a Saga, ya auri 'yar garin, wadda muke kira Tanti. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauko ni. Ya sa ni lakwal, makarantar boko, har aji shida, ya koya mini cewa ana ajiye takalmi fuskarsa ɗaya, ana wanke lauje kafin a wanke hannu, kuma ba a cewa "wajen ƙarfe bakwai", ko bakwai ne ko ba bakwai ba ne. Shi kansa karatun manya ya yi. Rubutunsa manyan baƙaƙe ne, yana danna bik har ya fito a bayan takarda. Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Idan an kawo tuwo kafin ruwan wanke hannu, sai ya ce a mayar a sake daga farko. Tanti takan ce ta auri agogo mai gemu.

Wata shekara malamar gidan gona ta tara manoma ta ce an ji labarin wata baƙuwar tsutsa a ƙasashen kudu. Tana shiga cikin karan rake da na shinkafa, ta cinye cikin, zangarniya ta fito fara fat babu ƙwaya. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai launin busasshen kara. Ba ta iso ba tukuna, amma ana son wanda zai riƙa sa ido. Kowa ya noƙe, domin aiki ne na sa kai. Kawu ya ɗaga hannu ya yi tambaya uku: wace rana, wane lokaci, kuma in ba a samu komai ba me za a rubuta. Ta ce Litinin da Alhamis, da safe, in babu a rubuta babu. Ya ce, "To wanga aiki ne na mutane. Ba ni."

Aka ba shi bokiti tara masu murfi. Kowanne ana rataye shi a sanda, a cikinsa akwai ɗan guntun roba da ke fitar da ƙamshin macen ƙwaron, mazan su biyo su faɗa ciki. Kawu ya kafa su daga bakin hanyar mota har zuwa gaɓar kogi, ya rubuta wa kowanne lamba da fenti. Na biyar ya faɗo daidai kan iyakar parsel ɗinsa.

Ga yadda yake yi, don na sha raka shi. Yana idar da sallar asuba ya sha kunu, ya rataya jaka. A bokiti na ɗaya zai buɗe murfi, ya juye abin da ke ciki a kan farin ƙyalle, ya ware da tsinke: wannan ƙuda ne, wannan ɗan gida ne mun san shi, wannan ba ita ba ce. Bayan haka ya shiga parsel mafi kusa ya tsinko kara goma, ya tsaga kowanne da farce. Sannan ya rubuta, a tsaye, kafin ya ɗaga ƙafa. Ba ya yarda ya rubuta a gida. Kuma ba ya tsallake lamba. Ko da ruwa ya cinye hanyar na uku, sai ya naɗe wando ya je, ba zai fara da na huɗu ba.

Fiye da shekara guda abin da yake rubutawa ke nan: babu, babu, babu. Taubashinsa ya raɗa masa suna Kwamandan Tsutsa. Yakan tsaya a kan kunyar da ta raba gonakinsu ya ɗaga murya, "Kwamanda, sojojin nawa yau?"

"Babu."

"Shekara guda kana yawo da turaren mata a bokiti, ko ƙwaro bai kula ka ba. Da ni ne da tuni an yi layi."

"Kai ko turaren kake shafawa, ƙuda ne kawai zai zo."

Wata rana da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce masa, "Kawu, yau ka huta. Ka san babu za ka samu, ka rubuta daga nan." Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce, "Babu daban, ban duba ba daban. Wanda ya rubuta babu bai duba ba, ya yi wa gari duka ƙarya." Ya ɗauki buhu ya rufa a ka, ya fita. Wannan magana na ji ta daga bakinsa ya fi a ƙirga, a kan tsutsa da kan abin da ba tsutsa ba. Idan aka kawo masa tsegumin wani, tambayarsa ɗaya ce: "Ka duba?"

Yanzu sai laifina. Ni mai sayar da rake ne. Nakan bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa kudu in yi lodi in kawo Wadata. A wata tafiya na ga wani irin rake mai kauri, mai zaƙi, gaɓoɓinsa dogaye. Ba a dawowa daga tafiya hannu biyu a shiga gidan wanda ya rene ka. Na zaɓi dami guda mai idanu masu kyau, na ɗaura a bayan moto, wato babur ɗina, na ratsa Saga da shi da rana tsaka kowa yana gani, ina jin daɗin ana gani. Kawu ya yi murna ƙwarai. Ya sa mini albarka, ya dasa shi a bakin kanal, kusa da bokiti na biyar. Ya ce jikoki za su sha.

Bayan 'yan watanni, ranar wata Alhamis, ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye da farin ƙyallen a hannu, a kai akwai ƙwari guda huɗu. Bai gaishe ni ba. Ya sare rake ɗaya ya tsaga. Cikin ya yi ja, da wani gari kamar dusa, ga tsutsa kwance tana motsi. Ya tsaga na biyu, haka. Sauran bokiti takwas kuwa babu komai.

Na ce, "Kawu, mu tumɓuke shi yanzu mu ƙone, mu biyu. Ba sai an rubuta ba."

"Za a ƙone. Kuma za a rubuta."

"To ka rubuta ƙwarin. Kada ka rubuta inda raken ya fito."

"In ban rubuta inda ya fito ba, malama za ta nemi hanyar a ina?"

"Ni fa a bakin mutane nake ci. In aka ce ni na kawo, wa zai sake tsayawa gaban tebur ɗina? Wa zai ba ni wurin zama a garin nan?"

Ya rufe bik ya ce, "Abin da ya faru shi zan rubuta."

Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kawu. Na ce ya fi son kayensa da ɗan ƙanwarsa, na ce dama shi bai taɓa son mutum ba sai layi. Ya naɗe ƙyallensa. Na hau moto na tafi.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji. A ranar ya sare raken duka ya ƙone. Ya kuma tumɓuke shinkafarsa da ke kusa, kusan rabin parsel, saura kaɗan ta nuna. Tanti ta yi kuka, ta ce abincin gidan ne. Ya ce gara na gida ɗaya. Aka kira taron koperatif, ya miƙe da kaye a hannu ya karanta. Washegari a Wadata wani mai amalanke ya ce mini, "Mai tsutsa, an tashi lafiya?" Na ce a raina shi ke nan, ya karanta sunana.

Shekara biyu ban zauna a gidansa ba. Da Salla nakan je in gaida shi daga tsaye, in ce ina sauri. Yakan ce, "To." Tanti ta sha biyo ni har ƙofa tana cewa, "Kala suru, ɗana, ka yi haƙuri ka shigo ka ci abinci." Ban shiga ba.

Tsutsar ba ta tsaya ba, kada wani ya ce na ƙara wa mamaci abin da bai yi ba. Malama ma ta ce wataƙila ta shigo ta hanya fiye da ɗaya, tunda kamiyo nawa ke kawo rake Yamai. Amma saboda Kawu an san ranar da ta fara bayyana a fadamar, an san ta bi kanal ne, daga na biyar zuwa na shida, sai na bakwai, kuma ta daɗe ba ta haura wajen hanyar mota ba. Ya zana fadamar a bayan wani kwali ya rataye a zaure, duk bokitin da ya kama sai ya soka masa tsinken ashana. Manoma suka fara zuwa kallon kwalin kafin su tafi gona. Da shi aka shawo kan mutane su riƙa cire farar zangarniya da wuri, su nome tushiya su sakar mata ruwa bayan girbi, su kuma yi dashe lokaci ɗaya. Masu dariya suka daina, ban da taubashinsa, wanda ya ce yanzu Kwamanda ya samu sojoji sai a ƙara masa girma.

A shekara ta uku, wata Laraba, na ɗaga kai a rumfata sai na ga Kawu yana sauka daga taksi. Bai taɓa zuwa wurin sana'ata ba. Ya zauna a benci ya ce, "Ba ni wuƙa." Na ba shi. Ya jawo rake daga sabon lodi, ya nuna mini wani ɗan rami kusa da gaɓa, wanda da ƙyar tsinke zai shiga. Ya ce, "Wanga shi ne ƙofarta. Ka fara da ido, sannan farce, sannan wuƙa. Kowane dami ka tsaga uku tun can, kafin a ɗora a kamiyo. Ganye da kan raken kada ka ba masu tumaki su kai gona." Ya sa na yi a gabansa sau uku. Da ya gamsu, ya fere gaɓa ɗaya mai kyau ya sha, duk da haƙoransa sun ƙare, ya ce, "Da zaƙi." Ya tashi ya tafi.

Daga ranar na koma zuwa gidan. Muna hira, muna cin abinci a kwano ɗaya. Amma maganar kaye ban tayar ba, shi ma bai tayar ba. Na yafe masa a baki, a ciki ina riƙe da abina.

Ranar Litinin ta ƙarshe ya zagaya bokitansa tara kamar kullum. Talata zazzaɓi ya kwantar da shi. Babbar 'yarsa ta gaya mini cewa ranar Alhamis ya buɗe ido ya tambaya ko an je fadama. Don hankalinsa ya kwanta ta ce an je. Ya ce, "Na bakwai nawa?" Ta ce babu. Ya ce, "Na bakwai bai yi babu ba tun bara. Ba ku je ba. Kada a rubuta komai." Ya juya ya fuskanci bango. Ta ce har yanzu in ta tuna sai ta ji kamar ta yi sata.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Tanti ta kira ni ɗaki. Ta ɗauko kayen duka daga kan taga, guda goma sha ɗaya, an ɗaure da tsumma, kowanne da lamba a bangonsa. Ta ce, "Kai ne mai son tsari irin nasa. Riƙe."

Na zauna a zaure ƙarƙashin kwalin. Ban fara da wanda nake nema ba, na fara da na ɗaya, don haka ya koya mini. Shafi bayan shafi, babu, babu, babu. A kaye na uku na iso ranar. Ga abin da ya rubuta, ban canza ko baƙi ɗaya ba:

"Na biyar, huɗu. Rake daga kudu, tsaraba ce. Ni na karɓa, ni na dasa, ban tsaga ba. Mai duba bokiti tara bai duba abin da ya shigo gidansa ba. Laifina ne. An ƙone."

Na karanta sau uku. Na duba gaba, na duba baya, har ƙarshen kaye na goma sha ɗaya. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba.

Na fita na sami taubashinsa a ƙofar gida, shi kaɗai ya rage a tabarma. Na ce, "Baba, ranar taron nan, mi Kawu ya ce a kaina?"

"A kanka? Wa ya yi maganarka? Wani ya tambaya wa ya kawo tsarabar, ya ce wanda ya dasa yana gabanku, ku tambaye shi. Har aka tashi bai ƙara ba."

"To wa ya gaya wa mutane?"

"Wa zai gaya musu? Kai da ka ratsa gari da dami a bayan moto kana danna oda kamar an kawo amarya. Har awaki sun gan ka."

Na koma wurin Tanti na ce me ya sa bai faɗa mini ba. Ta ce ta roƙe shi ya faɗa. Amsarsa ita ce, kayen yana kan taga, ba a kulle ba, ɗan ya iya karatu, in yana son sani ya zo ya duba. Ta ce, "Ku biyu duk kanku ɗaya. Shi ba zai faɗa ba, kai ba za ka tambaya ba."

Ba zan wanke Kawu gaba ɗaya ba. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa, kuma ya hana ni ita. Haka yake, taurinsa bai san gida da waje ba. Amma ni ne na yi shekara huɗu ina yanke hukunci a kan shafin da ban buɗe ba, alhali a gabana ya fita cikin ruwan sama don kada ya rubuta abin da bai gani ba.

Ranar Alhamis da ta biyo na rataya jakarsa na tafi fadama bayan asuba. Kawu yakan ja layukan wata guda tun kafin lokaci, don haka na tarar da gurabe suna jirana. Na fara da na ɗaya. Hannuna bai saba ba, sai da na kai hantsi. A na bakwai na samu goma sha biyu, na rubuta a gefe cewa na kwana goma ne, kada malama ta ɗauka na kwana uku ne. Taubashin yana biye da ni a kan kunya, yana cewa ƙaramin Kwamanda bai iya riƙe tsinke ba.

Da muka gama ya leƙa kayen. Ya ga layi biyu a sama da nawa babu komai a ciki, na Alhamis ɗin da Kawu ke kwance da na Litinin ɗin addu'ar uku. Ya ce, "Cika masa su mana. Shekara nawa bai bar rami ba. Sa wani abu, kowa zai gane."

Na ce, "Ba wanda ya duba, Baba."

Ya daɗe yana kallon layukan. Ya ce, "Wallahi Gobirawa ba ku da magani." 

Yanzu kowace Litinin da Alhamis ina buɗe rumfata a makare, abokan ciniki sun saba. Layi biyun nan suna nan yadda suke a kaye na goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya karɓi jakar bayana zan gaya masa kada ya taɓa su.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurinsa, ya yafe mini nawa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da littafinsa a hannun dama. Allah ya ba Tanti da 'ya'yansa haƙuri, ya tsare mana fadamar Saga. Amin.